Waƙar da Bairus Ya Cinye

A shagon mai tura waƙoƙi a waya nake ganinta, wata dattijuwa doguwa. Mayafinta ya koɗe, amma tsayuwarta ta wadda ta saba a kalle ta ce. Waƙa ɗaya take nema, ta shekara talatin baya.

Mai shagon ya nemo ya kunna. Muryar wata budurwa ta tashi garau, sai ta sarƙe, ta koma ƙara kamar ana yaga buhu.

"Mama, bairus ne ya cinye ta," in ji shi, idonsa na kan kwamfutar da cutar ta shiga. "Daga wayar wani na karɓa, shi ma tura masa aka yi. Duk wanda ke da ita, haka take."

Waƙar ta tsaya, leɓen dattijuwar bai tsaya ba. Tana bin baitin a hankali har ƙarshe. Ina zaton muryar da ke cikin waƙar tata ce. An yi ta yawo da waƙar hannu zuwa hannu, ba wanda ya nemi izininta, ba wanda ya adana mata lafiyayya.

"In sa miki sababbi?" ya tambaya.

"Bar su, ɗana," ta ce, tana ɗaukar wayarta. "Su ma za ku kashe su."