Guzurin Baba Sidi

'Ya'yana, ba zan faɗi sunana ba, domin jikokina suna amsa shi, su kuwa ba su yi wa kowa laifi ba. An haife ni a wani ƙauyen Hausawa kusa da Wad Haddad, kudu da Khartum. Mahaifina yana da hawasha guda, wato gonar da hukumar noman auduga ke danƙa wa manomi, yana shuka auduga a gefe, dawa a gefe. Na tashi yaro mai tsabta da kiyaye lokaci, ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba.

Mahaifina ya ƙudura cewa ba zan tsufa da fartanya ba, sai ya kai ni wata makarantar mishan a Wad Madani, wadda ake biyan kuɗi. Ba shi da kuɗin, don haka ya ci shel wurin wani ɗan kasuwa mai suna Haj Bashir. Shel shi ne a karɓi kuɗi tun dawa tana ɗanya, a biya da ita bayan girbi bisa farashin da ɗan kasuwa ya yanke. Kowace shekara akan biya rabi, rabi ya hau kan na baɗi. An yi alkawari cewa idan na fara ɗaukar albashi ni zan sauke sauran.

A makaranta an koya mini lissafi da Turanci da Larabci, an koya mini guga da miƙe layi. Malaminmu yakan buge yatsun duk wanda rubutunsa ya karkace. Na gama da sakamako mai kyau 'yan shekaru bayan samun mulkin kai.

Na nemi aiki a Madani da Hasahisa da Sinja. Ko'ina sai a tambaye ni jinsiyya, wato takardar shaidar ɗan ƙasa. Ni da mahaifina a nan aka haife mu, amma kakana daga yamma, ƙasar Hausa, ya zo, saboda haka takardar ta gagara. Wani akawu a Sinja ya yaba rubutuna, ya ce bai taɓa ganin mai kyansa ba, sannan ya nuna mini ƙofa.

Na koma ƙauye da wando gogagge da aljihu wayam. Samari suka laƙaba mini Afandi, wato ma'aikacin gwamnati, in na wuce su tambaye ni yaushe ofis zai tashi. Mahaifina ya ce in ɗauki kwando in bi masu tsinkar auduga kafin Allah ya kawo mafita. Na ce ban yi karatu don in sunkuya a gona ba. Wannan amsa ita ce farkon lalacewata, tun ban taɓa kuɗin kowa ba.

A wancan zamani mutanenmu kan taso daga yamma a ƙafa da niyyar Hajji, su yada zango wurinmu, su yi tsinkar auduga shekara da shekaru har guzuri ya cika. Ba su da ɗaki mai ƙofa, saboda haka sukan ba wani ɗan gari ajiyar abin da suka tara. Cikinsu akwai Baba Sidi, tsoho mutumin Gobir, da matarsa Inna Kulu. Wata rana ya zo mini da kuɗi ɗaure a tsumma, ya ce, "Malam ƙarami, ni ban san fuskar kuɗin ƙasar nan ba, kai ka sani. Riƙe mana har ranar da za mu ga teku." Da sauran baƙi suka gani, su ma suka kawo nasu. Na zuba duka cikin akwatina na makaranta.

Da kaka Haj Bashir ya zo da jakuna, ya auna dawarmu, ya bar mana abin da ba zai kai mu damina ba. Yana dariya a gaban mutane ya tambayi mahaifina ko albashin Afandi yana kan hanya ne daga Ingila. Mahaifina ya sunkuyar da kai. A ranar na fara buɗe akwatin.

Kaɗan na ɗiba da farko, kuɗin jirgin ƙasa zuwa Khartum, inda wani dillali ya ce zai samo mini jinsiyya. Ya karɓa, ban ƙara ganinsa ba. Na sake ɗiba na kai wa Haj Bashir, na ce da mahaifina ladan rubuta wa mutane wasiƙu ne. Ya sa mini albarka. Daga nan na sayi takalmi, domin mai neman aiki bai kamata ya shiga ofis da tsoho ba. Duk wanda ya zo karɓar ajiyarsa sai in ba shi daga ta wani. Ban taɓa kiran abin da nake yi sata ba, aro nake ce masa.

Da lokacin tafiya ya ƙarato, Baba Sidi ya zo da wankakkiyar riga. Ya riga ya yi sallama da gari, ya rabar da tukunyarsa da tabarmarsa. Na buɗe akwatin a gabansa, babu komai sai tsummansa. Ya ɗauka ya ninke, ya sa a aljihu, ya tambaye ni a hankali ko akwai wani akwatin.

Sauran masu ajiya suka kai ƙara, aka ɗaure ni. Mahaifina ya saki hawasharsa ga wani, aka raba abin da aka samu tsakaninsu. Rabon Baba Sidi zai kai mutum ɗaya kawai. Aka ce ya tafi, ya ce tare suka fito da Kulu daga Gobir, ba zai bar ta a bakin hanya ba.

A kurkuku aikin gona aka sa mu. Na sunkuya a ƙarƙashin sanda, na yi aikin da na ƙi yi domin mahaifina.

Da aka sake ni na tarar da mahaifina yana ƙwadago a gonar da a da tasa ce. Baba Sidi kuwa ya rasu, an binne shi a maƙabartarmu ta bayan magudanar ruwa. Inna Kulu tana nan tana tsinka. Na je na durƙusa a gabanta, sai ta turo mini kwando da ƙafa. Na bi ta layi layi kaka bayan kaka, ina zuba nawa cikin nata, har guzurinta ya cika.

Ranar da na raka ta tashar jirgi na roƙe ta gafara. Ta ce, "Nawa na yafe maka, ɗana. Na Sidi kuwa ba a hannuna yake ba. Sai kun haɗu."

Na tuba, na karantar da yara har na tsufa, amma wannan magana ba ta bar ni ba. Ku da kuka yi karatu da bashi, aiki kuma ya ƙi samuwa, ku je ku faɗa wa mai bin ku gaskiya, ku kama duk aikin da ya samu, ku biya kaɗan kaɗan. Kunyar kwando takan wuce kafin kaka ta ƙare. Kada ku taɓa ajiya da sunan aro. Haj Bashir an biya shi tun da daɗewa. Baba Sidi har yau yana jirana.