Allah Ya Ba Inna Lafiya

Shekarar da Inna ta rasu ina Guangzhou, ina saro wa 'yan kasuwar Kano dogayen riguna a kasuwar Baima. A waya aka gaya mini, kafin in gama salati har an fita da ita. Ban ga makara ba, ban ga kabari ba, sai hoton tabarmin zaman makoki da ƙanena ya turo. Washegari na koma ɗaure kaya.

A siton da muke ajiya akwai wani tsoho Bayahude mai saren maɓallai da zare. Ina ce masa Baba, yana ce mini Alhaji, da guntun Turancin kasuwa muke lallaɓawa. Lungu ɗaya muke ibada bayan dilolin kaya, don a can alƙibla yamma take, shi ma yamman yake kallo. Da farko abin ya ba ni haushi, har na taɓa fizge dardumata gefe don ya gani. Ko ɗago kai bai yi ba.

Wata rana da yamma, farkon damina, ruwa na dukan kwanon sito, na ga ya idar da addu'arsa ta tsaye, ya ja da baya yadda ya saba. Sai ya yi turus, ya matsa gaba ya sake ɗaukowa daga farko. Da ya gama na tsokane shi.

"Baba, yau ninki aka ɗora maka?"

Ya ce a addu'arsu akwai wurin roƙon ruwa. Lokacin sanyi suke roƙo, in idinsu na bazara ya zo sai a daina. Wanda ya roƙa bayan an daina, sai ya koma ya gyara, in kuwa ya riga ya idar, sai ya sake gaba ɗaya.

"To ka roƙa ɗin?"

"Ban sani ba, Alhaji."

Na nuna masa rufi, na ce ko makaho ya san an amsa. Bai yi dariya ba. Ya ce malamansu sun yanke cewa in mutum yana shakka, kuma wata bai cika da canjin ba, to ya ɗauka tsohuwar maganar ya faɗa, don baki abin da ya saba yake bi. Bayan wata guda ana kyautata zaton ya koyi sabuwa.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba, ko matata. Shekarun da Inna ta yi a kwance, duk sujada sai na ce Allah ya ba Inna lafiya. Ta rasu, bakina bai daina ba. In na ji maganar ta fita sai tsigar jikina ta tashi, in ga ɗakinta, da butarta a bakin gado, in ji tarinta kamar a bayan dilolin nan take. Na san ƙabli, na san ba'adi, tun ina yaro nake gyara rafkanuwa. Wannan kam ban san sujadar da ke gyara ta ba. Ranar na gaya wa tsohon.

Ya daɗe yana murza gemu. Ya ce su ma suna da wurin roƙa wa marar lafiya, kuma sunan matarsa har yau yakan faɗo masa a can, ga shi ta yi shekaru a ƙasa.

"Kana sakewa?"

"A'a. Wannan ba ya ɓata addu'a. Nakan ɗan tsaya ne, sannan in wuce."

Daga nan na shiga tsaron bakina, ina jin haushin bakin. Wata ya cika, wani ya bi, damina ta wuce, bakin nan yana nan yana nema wa Inna sauƙi. Tsohon ya koma ƙasarsu, ban sake jin labarinsa ba.

Sai wata la'asar, ni kaɗai a lungun, goshina a ƙasa, na ji na ce Allah ya jiƙan Inna. Haka ta fito sumul, ban shirya ba, ban yi tuntuɓe ba. Na kasa kunne ko zan ji tarin, shiru, sai ƙarar fanka. Na yi sallama na zauna a kan dardumar ina laluben kuskuren da zai sa in sake sallar, ban samu ba.