Inna Mai Waya da Birkin Ƙwaƙwalwa

"Ba zan cire masa wayoyin ba, likita. Ka ƙara mini rabin awa."

Likitan ya ce layi ya kai bakin ƙofa, zanen ƙwaƙwalwar jaririn kuma ya fito lafiya, me take nema kuma? Ko ɗagowa ba ta yi ba. Jaririn kwanansa uku a duniya, sau shida yana sandarewa tun jiya, yanzu kuwa ya yi lamo kamar ba shi ba. Uwar na gefe, ko kukan ta kasa.

Inna Mai Waya ke nan. Shekara talatin da ɗaya a ɗaki guda, can ƙarshen barandar asibiti, inda ake ɗaukar zanen wutar ƙwaƙwalwa. Kullum ita ke fara zuwa. Ta goge wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ta auna kai da tef irin na tela, ta ɗiga alama da jan fensir, ta ɗumama man liƙi a tafinta don kada sanyinsa ya firgita yaro. Akwai ɗabi'arta da ake yi wa dariya: ba ta sallamar jariri sai ta yi hira da tsohuwar da ta rako shi.

Ran nan ma haka ta yi. Ta kira kakar, ta tambaye ta ko an taɓa ganin irin wannan a gidansu. Tsohuwar ta ce uban yaron ma haka ya yi a makon haihuwarsa, ƙanwarsa ma haka. Sun rufe ne don kada a ce musu gidan farfaɗiya. Ba ta rufe baki ba jaririn ya sandare, layukan allo suka yamutse. Likita ya gani da idonsa, ya ja kujera.

Uwar ta riƙo hannun Inna. "Mutuwa zai yi?"

Inna ba ta yi mata alkawari ba. Ta ce kowace ƙwayar jijiya na da wasu ƙofofi ƙanana a jikinta. In wuta ta taso a ƙwayar, ƙarfin wutar ne da kansa ke buɗe su, sinadarin potasiyam ya fita, ƙwayar ta huce. Su ne birki. In suka yi nawa, wuta sai ta yi ta tashi ba tsayawa.

"Ina zaton nasa birkin ne bai gama kamawa ba. Gado ne. Ga ubansa can, ƙato da shi, ya tare mana hanya."

Likita ya aika gwajin jini, ya sauya magani. Gwaji ya gaskata ta. Kafin wata biyar sandarewar ta tafi. Yau yaron sai an bi shi da gudu.

Ke ce mai sauraron kan da bai iya magana ba, Inna. Ke ce kika san abin da na'ura ba ta faɗa ba, tsohuwa na iya faɗa. Mun gode. Allah ya saka miki da alheri.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Hannunta ya fara rawa, ta sani. Mutum biyu aka turo su koyi aikin, ba wanda ya zauna, wai shirun ɗakin ya yi yawa. Masu tasowa, ku je ku zauna kusa da ita tun kwanakin ba su ƙare ba.

Jiya ta sallami wata mai jego, ta rubuta mata ranar dawowa: sha biyu ga watan gobe. Matar ta duba takardar, ta dubi Inna tana naɗe wayoyi a hankali.

"Inna, in mun dawo, wa za mu tarar?"