Jegon Mesa a Pleasant Garden

Duk wadda ta haihu cikin Hausawan Greensboro ta Amurka a waɗancan shekarun, hannun Goggo Huseina ya taɓa bayanta. Iyaye mata suna can gida, bizar zuwa jego kuwa ba a hannu take ba, don haka da an sallamo mace daga asibiti sai a ga tsohuwar motar Goggo ta faka a ƙofar gida, ta fito da ƙatuwar tukunya da garin gero da kanwa ƙulle a leda. Ta dafa ruwa, ta gasa mai jego, ta dama kunu, ta tsaya a kanta har sai ta ga gindin kwano. Da likitocin nan suka ce ruwa mai tsananin zafi yana da illa, ta rage zafin, amma ba ta rage faɗa ba. A wajen kakarta ta koyi aikin, can wani ƙauye gabas da Daura, inda tun tana 'yar mitsitsiya ita ce mai iza wuta a ƙarƙashin gadon ƙasa na masu jego.

Wannan aikin don Allah take yi. Wanda take ci da shi kuwa, shi ne matan gari suke faɗa da murya ƙasa-ƙasa. Goggo tana aiki a shagon wata tsohuwa mai suna Roseline, inda ake sayar da kifi da tsuntsaye da macizai ga masu kiwonsu a gida. Shara aka ɗauke ta. Ranar farko da ta ɗaga kai ta ga abin da ke bayan gilashi, ta bar takalminta ɗaya a shagon, sai washegari Malam Uzairu, mijinta, ya rako ta ɗauka da tasinsa. Amma Roseline mace ce mai haƙuri, Goggo kuma mace ce da ta tsani a ce ta kasa. A hankali ta koyi cewa ba a zuwa wa maciji ta sama kamar shaho, ta gefe ake zuwa. A fara taɓa shi da sanda don ya san ba abinci ba ne, a tallafe jikinsa da hannu biyu a bar shi ya bi kamar yana kan reshe. Wanda ya taɓa ɓera ya wanke hannu tukuna, macijin da ya ci ya ƙoshi kuma a ƙyale shi ya narkar.

Akwai wata mesa a shagon, irin ta Ostiraliya, ba ta da dafi, tsawonta ya fi na Malam Uzairu. Jikinta baƙi da rawaya, zane a kan zane, Turawa ma da sunan kafet suke kiran irinta. Goggo ta sa mata Darduma. Ba ta taɓa cewa tana son ta ba, sai dai kullum akwatin Darduma ne ya fi tsabta.

A ƙarshen shekarar casa'in da biyar Roseline ta sayar da shago za ta koma wajen 'yarta a Florida, wanda ya saya kuma bai son macizai. Ta kira Goggo gefe ta ce ta ba ta Darduma da akwatinta na katako mai gilashi a gaba, da reshen hawanta, da shimfiɗar lantarki da ke ɗumama ƙasan akwatin ta gefe ɗaya. Ɗaya gefen a bar shi da sanyi-sanyi, in ji ta, mesa ita ke zaɓar inda za ta kwanta. Ta haɗa mata da ma'aunin zafi, ta ɗiga jan farce a daidai inda allurar ya kamata ta tsaya. Sai da ta gama duk wannan sannan ta ce, af, kuma tana da ƙwai a ciki.

Malam Uzairu ya tsaya a ƙofar gidansu na Pleasant Garden ya dubi akwatin.

"Huseina, a gidan da nake sallah?"

"Malam, Wanda kake wa sallar Shi ya halicce ta."

Aka sasanta a kan ɗan ƙaramin ɗakin da ke kusa da injin wanki, da sharaɗin kwaɗo. Malam ya ƙara da cusa tawul a ƙasan ƙofar, kuma duk sanda zai wuce ta nan sai wata gaggawa ta taso masa.

Can ƙarshen Janairu Darduma ta saka ƙwai, farare, manne da juna, ta nannaɗe su ta yi gammo a kai. Daga nan ta daina cin abinci, jikinta kuma yana wani karkarwa lokaci zuwa lokaci. Hankalin Goggo ya tashi, don a duniyarta mai jegon da ta ƙi ci tana rawar ɗari sai a nemi mota. Ta buga wa Roseline waya. Roseline ta yi dariya ta ce haka suke, ba za ta ci ba sai an ƙyanƙyashe, karkarwar kuwa da ita take ɗumama ƙwan. Amma ƙarfinta kaɗan ne. In ɗakin ya yi sanyi na tsawon lokaci ƙwan za su mutu, ita ma ta bi su, in zafi ya yi yawa su dahu. Wajen wata biyu za a yi ana wannan lallaɓawar.

Ana cikin haka, farkon Fabrairu, aka yi ruwan nan da ke daskarewa da ya taɓa abu. Gari ya waye kowane reshe ya zama gilashi, itatuwa suna karyewa suna faɗa wa wayoyin lantarki. Fitilar kicin ta yi ƙyaf-ƙyaf ta mutu. Malam ya ce, "Ashe nan ma ana ɗauke wuta," har da 'yar dariyarsa, kamar ya haɗu da ɗan garinsu. Goggo ba ta yi dariya ba. Hitar gida ta lantarki ce, murhun girki na lantarki ne, shimfiɗar Darduma ma haka.

Wayar tarho dai tana aiki. Hajiya Ruqayya, matar Alhaji Surajo, ta bugo daga Summerfield, inda suke da babban gida da murhun itace a falo.

"Goggo, kowa na nan, har su Khairiyya da jaririnta za a je a ɗauko. An ce wuta ba za ta dawo ba sai wani satin. Ku taho. Amma don Allah, ban da abar nan."

"Na gode, Hajiya. Ina da mai jego a gida."

Malam ya yi magiya, ya yi fushi, ya ga dutse yake wa magana. Daga ƙarshe ya ɗauki makulli ya tafi kai su Khairiyya, tasin na tafiya kamar mai taka ƙaya.

Goggo ta duba ma'auni, allura ta baro jan farce tana gangarowa. Sai ta yi abin da kowace 'yar ƙauyensu za ta yi. Ta ɗauko kaskon turarenta, ta zuba gawayin gashin nama da ya rage tun Sallah, ta hura ya yi ja, ta shiga da shi ɗakin ta rufe ƙofa. Allura ta fara hawa, Goggo ta zauna tana yaba kanta. Can sai kanta ya fara sarawa. Ta yunƙura za ta tashi, ƙafafu suka ce ba su san zancen ba. Ɗakin kakarta yana da asabari a ƙofa da kafofi a rufi, iska na shiga tana fita. Gidan Amurka kuwa a toshe yake kamar gwangwani. Da rarrafe ta tura kaskon waje, ta wangale taga, duk ɗumin da ta tara ya fice ya bar ta. Ta leƙa akwati ta ga Darduma ta sassauta naɗinta, kanta a kwance a ƙasa.

Ta fita ta zauna a matakalar bayan gida tana shan iska. Ta tsorata ƙwarai, kuma ta ji haushin kanta, mace mai furfura ta kusa kashe kanta da amanar da aka ba ta a rana ɗaya. Da kanta ya washe sai ta ga inda ta yi kuskure. Ba a taɓa kwantar da mai jego a kan wuta ba. Wuta tana ƙasa, yumɓun gado ne ke shan zafin ya riƙa bayarwa sannu-sannu.

Ta tashi ta ɓamɓare jan bulon da aka kewaye furanni da shi. Ta kafa murhu a tsakar ƙanƙara, ta ɗora tukunyar jego, ta jera bulo a gefen wuta. Akwatin Darduma ya yi girma, gilashi kuma ba ya riƙe ɗumi, don haka ta jawo babbar kular da suke zuba lemo ranar Sallah. Ta naɗe bulo mai zafi da atamfarta ta fita unguwa, ta sa a gefe ɗaya, ta jera kwalaben ruwan ɗumi, ta rataya jiƙaƙƙen tawul don kada ƙwan su bushe. Ta sa gwiwar hannu ta gwada, ta sa ma'auni ya tabbatar.

Saura ɗaukar mai jego. Ƙwan mesa ba a juya su, ba a raba su da juna, uwa mai kwanci kuma ba ta san mai kyautata mata ba. Goggo ta yi bismillah, ta zura faranti a hankali ƙarƙashin gammon duka. Tana ɗagawa Darduma ta farfaɗo, ta kai mata cizo a wuyan hannu ta riƙe. Zafin ya kai har ƙeya. Roseline ta sha gaya mata cewa mai fizgewa shi ke yaga fatarsa ya karya haƙoran maciji, ga shi kuma ko kaɗan ta karkata ƙwan za su mirgina. Ta tsaya cik, faranti a hannu biyu, jini na bin gwiwarta.

"Ciji, 'yar nan," in ji Goggo. "Ba mai jegon da ba ta zage ni ba."

Haka ta taka har wajen kula, ta sauke su daidai yadda suke. Da Darduma ta ji ɗumi sai ta saki, ta koma ta ƙara matse ƙwanta. Goggo ta ɗora murfin ta bar kafar iska, sannan ta je ta wanke hannu da ruwan gishiri.

Kafin la'asar gawayi ya ƙare. Rassan da suka karye ɗanyu ne, hayaƙi kawai suke yi. Tana tsaye tana duban kujerun kicin da idon da bai yi musu alheri ba, sai ta ji ƙarar tasi. Malam ne, but ɗin motar cike da busasshen itacen Alhaji Surajo. Ya dubi murhu, ya dubi furannin da aka tone, ya dubi tsumman da ke ɗaure a hannunta. Ya nannaɗe hannun riga ya ɗauki gatari.

"Ni dai ba zan shiga ɗakin nan ba," ya ce.

"Wa ya ce ka shiga? Miƙo ta taga."

Haka suka yi kwanakin. Shi yana waje da hula biyu yana iza wuta, yana miƙo bulo mai zafi a kan shebur, ita tana karɓa tana miƙa masa mai sanyi. Da ruwan tukunyar suke alwala, da shi suke shayi. Atamfa ta ƙone a wuri uku. Allura takan sauka kaɗan ta hau kaɗan, amma ba ta yi nisa da jan farce ba. Ranar da wuta ta dawo, firij ya yi gurnani ya tashi, Malam ya zauna a kan kututture, Goggo kuma ta jira akwati ya yi ɗumi ta mayar da Darduma da ƙwanta gidansu.

Sai dai ƙwai ba ya faɗin abin da ke cikinsa. Biyu daga gefe suka yi baƙi suka fara wari, ta cire su da reza a hankali. Sauran suka lotsa, suka yi yamushi. Roseline ta ce a waya wannan ba komai ba ne, amma muryarta ba ta da ƙarfi. Goggo ta ci gaba da zuwa jegon mutane, tana dama kunu tana faɗa, zuciyarta kuwa tana wajen hayaƙin kaskon nan da tagar da ta buɗe. Ta san in suka mutu ba ƙanƙara ce ta kashe su ba.

Wata safiya a ƙarshen Maris, itatuwan unguwa sun fara fure, ta buɗe kwaɗo ta tarar Darduma ta sauka daga kan ƙwan, ta zura kai a kwanon ruwa tana sha. Gaban Goggo ya faɗi, don ta ɗauka ta gaji ne ta bar matattu. Ta durƙusa ta matso da fuska jikin gilashi. Ƙwai ɗaya ya tsage ta sama, wani ɗan kai kamar kan yatsa ya leƙo, ya fito da harshe ya mayar. Na kusa da shi ma ya tsage. Tana nan durƙushe har gwiwoyinta suka yi tsami, tana kallon kawuna suna ɓullowa nan da can, har suka fi yatsun hannunta biyu.

Farin ciki ya cika ta har ya rasa hanyar fita. Sai ta miƙe, ta kama hanci, ta rangaɗa guɗar da ba ta yi ba tun barinta gida, karen maƙwabta ya amsa daga bayan shinge.

Malam ya fito da gudu, carbi a hannu, ya ja birki a bakin ƙofa.

"Lafiya?"

"An sauka, Malam."

"Da rai?"

"Duka, sai biyun nan."

Ya ɗaga hannu ya yi hamdala. Sannan ya miƙa wuya daga inda yake tsaye, ya ce ta matsa gefe kaɗan, ta tare masa.