Wandon Harsashin Bappa Zadok

A Bekaji, in ka ji ƙaurin dalma na tashi daga bayan wani gida mai bishiyar mangwaro, to Bappa Zadok ne ya ɗora girkin da ba a ci. Mutumin Ganye ne. Ya zo Jimeta yana saurayi, ya tuƙa motar ma'aikata har furfura ta cinye masa kai, ya yi ritaya da abu biyu: gona a hanyar Numan, da bindigar toka ta mahaifinsa. Gidansu gidan maharba ne tun kakanni, kuma bai yarda kowa ya manta da haka ba, ko da a ƙofar coci ne.

Da kansa yake zuba harsashinsa. Amma abin da ya raba shi da sauran maharba shi ne wando. A cewarsa, wutar albarushi na lasar gindin dalma ta narkar da shi, sai harsashi ya fita yana tangaɗi kamar wanda ya kwana a gidan burkutu. Don haka kowane harsashi sai ya manna masa ɗan faifan ƙarfe a gindi.

"Harsashi ba wando ai tsirara yake," in ji shi. "Wa ya taɓa aiken mai tsiraici ya je inda aka aike shi?"

Mai yanka masa wandunan shi ne amininsa Ɗanburam, maƙeri a Rumde, mai ƙera murhu da mazurari. To, nan ake yin ta. Zadok ɗan tagulla ne, wai ita ce mai kama dalma gam. Ɗanburam kuwa ya rantse da gwangwanin lemo: ga laushi, ga shi kyauta a kowace bola. Sun gwada murfin kwalba, ya yi kauri. Sun gwada fatar akuya, ta cika daji da wari. Sun taɓa yanka murfin tukunyar Keturah, matar Zadok. Ran nan ba bindiga ce ta yi ƙara ba, Keturah ce, har maƙwabta suka leƙo ta katanga.

Ana nan, sai biran gona suka raina Bappa Zadok. Ya harba, su ko gezau, sai ma su gyara zama su ci gaba da ɓare masara. Kullum kuma da hujjarsa: yau wando ya yi faɗi, gobe ya matse. Keturah ta zuba masa ido, har ta ga yana tsiyaya shayi a gefen kofi, sannan ta ji shi yana gaida sandar lantarki har da tambayar iyali. Tsoro ya kama ta ƙwarai.

"Baban Jemimah, idonka ya gaji," ta ce masa. "Ran da ka ɗauki mai neman itace a matsayin biri fa? Ka rataye bindigar nan."

"Idona ƙalau. Matsalar wando ce."

Da gardama ta ƙi ƙarewa suka yi sharaɗi. Za a rataye ƙwarya a bishiya. In ya same ta, Keturah ta kama bakinta har abada. In ya kuskure, bindiga ta hau bango. Ga Zadok kuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne, don ran da bindiga ta hau bango, harbi ya ƙare a zuriyarsu, shi kuma ya koma tsoho mai korar kaji.

Ran Asabar da hantsi keke napep ya sauke shi da Keturah da Ɗanburam a bakin gona.

"Sobajo, abokina, sa nawa na gwangwani," in ji Ɗanburam. "Kar ka sha kunya gaban madam."

"Gara in sha kunya da tagulla."

Ɗanburam ya ɗaure ƙwarya a reshen ɗorawa, ya duba bayan bishiyar ba kowa, ya dawo da gudunsa. Zadok ya ɗaga bindiga, ya daɗe yana auna. Sai ji kake daram! Ƙwarya ta tarwatse. Mamaki ya hana Keturah da Ɗanburam ko motsi, suka saki baki.

Zadok ya saurara, bai ji ihun kowa ba. Irin wannan shirun ya saba da shi duk ran da ya kuskure. Ya sauke bindiga, ya ja tsaki.

"Na faɗa! Ɗanburam, a karkace ka yanka wandon nan, shi ya sa ya bi ta hagu. Ga ta can tana lilo, tana mini dariya."

Ba komai a reshen sai igiya. Ɗanburam ya so yin dariya, ya fasa. Keturah ta taka a hankali, ta tsinto gutsattsarin ƙwaryar, ta buɗe tafin mijinta ta zuba masa.

"Ka same ta, Baban Jemimah," ta ce. "Kai ka ci."

Ya yi ta lalubarsu da yatsa.

"Hayaƙi ne ya tare maka ido," in ji Ɗanburam.

"Bar shi, aboki. Hayaƙi ya daɗe da wucewa."

Ya miƙa wa Keturah bindigar da hannu biyu. "Ki rataye ta inda hannuna zai kai, in riƙa goge ta." Sannan ya lalubo gefen zanenta ya riƙe.

"Ta ina muka bar mai keken? Shige gaba."