Amon da Na Wanke

A kan allon katako na fara sanin rubutu, a zauren wani malami a Zariya, Allah Ya kai haske kabarinsa. Dokarsa guda ce: ka rubuta, ka biya har ya zauna a ƙirjinka, ka wanke. Idan ya ga allonka ya kwana uku da tsohon rubutu, sai ya ce ka mai da katako ma'ajinka, ranar da gara ta ci shi ka tashi jahili. Har yau da ajami nake rubuta cefane, kuma har yau ba na son rubutun jiya ya kwana yana kallona.

Aikin da na ci abinci da shi kuwa na janareta ne. Na yi shekaru a ɗakin injin wani dogon bene a Wuse, har kunnena ya iya gane injin da zai tsaya tun kafin ya fara tari. Da na ajiye aiki muka tare a Bwari ni da Hajiya, matata, sai gida ya yi mini shiru fiye da kima. Akwai wani abokina Bayerabe, sa'ana, mai gyaran lasifika a kasuwar Wuse. Shi ya sa mini wata manhaja a tsohuwar kwamfutata, ya ce tunda ƙara nake kewa, ga gonar ƙara nan, in je in noma.

Idan ka buɗe manhajar, fuskar kwamfutar takan cika da ƙananan akwatuna a jere kamar rumfunan kasuwa, kowanne da ramukansa da 'yan abubuwan murɗawa. Wannan yana haifar da amo, wancan yana tace shi, wani yana sa shi karkarwa, wani yana maido shi kamar an yi magana cikin rijiya. Sai ka ja waya daga ramin wannan zuwa ramin wancan. Wayar zane ce kawai, amma tana aiki. Abin da ke fitowa ba ganga, ba murya, ba abin da ƙafa za ta bi. Ruri ne da tsuwwa da gunji irin na kwanon rufi idan hadari ya taso. Na taɓa kai wa limaminmu ya ji, don in san matsayina. Ya saurara kaɗan, ya cire abin sauraron da na sa masa a kunne, ya ce wannan ba wanda zai shagala da shi har ya manta salla, sai dai ya gudu masallaci neman sauƙi.

Tsakanin hantsi da azahar nake zama, wani lokaci in ɗora bayan salla. Idan na gama, sai in bi wayoyin da ido, in biya su a zuci, daga ina zuwa ina, sannan in share komai, fuskar kwamfutar ta koma fili. Akwai wurin da ake dannawa a adana aiki. A lokacin ban taɓa taɓa shi ba. A ganina abin da ban haddace ba ba nawa ba ne.

A damina ta biyu da tarewarmu Hajiya ta yi zazzaɓi mai zafi. Ta warke, amma ya bar mata tsuwwa a kunnen hagu, ta ce kamar gyare ya shiga ya ƙi fita. Mun je asibiti a Gwagwalada. Likita ya duba ya ce jijiyar ji ce, sai haƙuri, amma a riƙa ajiye wani sauti mai laushi kusa da ita, wataƙila ya rufe wancan. Mun gwada rediyo, surutun ya dame ta. Mun gwada fanka, ba ta kai ba. Barci ya ƙaurace mata, har ɗan na rana da ta saba tun tana amarya. Ta rame, idanunta suka faɗa. Abin da ya fi ci mata rai, sai ta sallame salla ta juyo ta ce, "Malam, uku na yi ko huɗu?"

Wata Laraba bayan azahar ina falo, na rage lasifika don kada in ƙara mata wahala. Na haɗa wani shuuu mai kauri, na tace kaifinsa, na sa shi yana kumbura yana saɓewa a hankali kamar numfashin saniya a kwance. Sai ga ta ta fito daga ɗaki da matashin kai a hammata.

"Malam, kada ka taɓa komai."

"Ya dame ki ne? Bari in kashe."

"Na ce kada ka taɓa."

Ta shimfiɗa tabarma kusa da lasifikar ta kwanta, kunnen hagu a sama. Ban kai ƙarshen carbi ba na ji numfashinta ya sauya. Na zauna ban motsa ba har aka kira la'asar, na fita a kan yatsun ƙafa, na bar abin yana ta yi.

Da na dawo ta tashi, tana madafa, ina jin ƙarar ludayi da tukunya. Na yi hamdala. Na zauna gaban kwamfutar, na bi wayoyin, goma sha uku ne, na biya su sau uku ba gargada. Sai hannuna ya yi abin da ya saba. Wallahi ban yi shawara da kaina ba, kamar yadda mutum ba ya shawara kafin ya shafa addu'a. Falon ya yi tsit.

Ta leƙo da ludayin a hannu. "Ina abin?"

Na dafa ƙirjina na ce, "Yana nan."

Washegari na mai da wayoyi goma sha ukun, kowacce a raminta, ban kuskure ko ɗaya ba. Na kira ta. Ta tsaya, ta karkata kai, ta ce, "Ba shi ba ne." A nan na fara gane abin da na yi. Wayoyin na haddace, ban haddace murɗin ba. Abin murɗawa ɗaya, tsakanin nan da kaurin gashi, amo ya zama wani. Kuma cikin akwatunan akwai wanda aikinsa ke nan ya yi ta yawo ba tsari, ranar na tsayar da shi ne a inda ya faɗa da kansa. Ban san inda ya faɗa ba.

Mako ya bi mako. Kullum bayan azahar sai ta zauna a kan tabarmar kamar alƙalin da ya gaji da shari'a, ni ina murɗawa.

"Wannan ya yi kaifi."

In rage.

"Yanzu kuma injin markaɗen maƙwabta ka kawo mini."

In ƙara can, in sassauta nan.

"Malam, kaina zai tsage. Bari haka, gobe ma rana ce."

Wahalar ita ce ba na jin abin da take ji. Ina ɗinka wa gyaren da ban taɓa gani ba riga. Ga idona ba na da ba, wuyana ya riƙe, yatsana na dama ya fara sanƙarewa. Abin da nake yi don nishaɗi ya koma kamar kwanakin da injin bene ya lalace masu ofis suna tsaye a kaina.

Ranar wata Asabar na sa kwamfutar a jaka na hau mota zuwa Wuse. Na sami abokina a rumfarsa, ya tsugunna cikin hanjin wata lasifikar coci, darma tana hayaƙi a hannunsa.

"Oga Malam! Yaya Madam, ya samu sauƙi?"

Na ba shi labari tun daga farko. Ya ajiye abin hannunsa ya riƙe baki.

"Kai ba ka yi sebin ba, ba ka adana ba?"

"Ban yi ba."

"Shekara biyu, ko ɗaya ba ka yi sebin ba? Malam, kai mutum ne ko aljani?"

"Duba mini dai, ko ta ajiye da kanta."

Ya buɗe ya yi ta tone-tone, yana tsaki. Can ya ce manhajar takan riƙe abu na ƙarshe da aka bari a fuskarta, shi kaɗai, ni kuwa na share, na gina wani a kai, na share, ya fi sau talatin. "Wannan ya tafi. Ko wanda ya ƙera shi ba zai dawo da shi ba. Ka sha lemo?" Ban sha ba. A mota har Bwari jakar tana kan cinyata, ta yi mini nauyi kamar batirin tirela.

Da na gaya wa Hajiya ba ta yi faɗa ba, gara ma a ce ta yi. Tana tsince shinkafa a faranti, ba ta ɗago ba ta ce, "Me ya sa ka share?"

Na fara ba ta labarin malaminmu da allo, labarin da ta ji ya fi a ƙirga. Ta bari na kai aya.

"Allah Ya jiƙan malam. Amma shi abin da kuke wankewa, Mai shi Ya yi alkawarin tsare shi. Ko ka manta, akwai dubu da za su tuna maka. Wannan ƙarar taka wa ya yi alkawarin tsare ta?"

Na tashi na yi alwala, ko da yake da alwalata.

Daga ranar na sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Kowane gwaji sai in zana abubuwan murɗawar kamar fuskar agogo, in sa layi inda kowanne ya tsaya, in rubuta hukuncinta a gefe da ajami: ya yi kaifi, ya yi nauyi, ya kusa. Shafukan suka yi ta taruwa suna kallona, na daure na bar su. Na bi waɗanda ta ce sun kusa, ina matsawa kaɗan-kaɗan, kamar mai neman tasha a tsohuwar rediyo.

Ruwa ya ɗauke, an fara yankan dawa a gonakin bayan unguwa, sannan wata rana na kunna mata wani sabon gwaji. Ta karkata kai, ta lumshe ido.

"Ba shi ba ne," in ji ta.

"Na sani."

"Amma bar shi."

Ta jawo matashin. Barcin bai kai na waccan Larabar ba, rabinsa ma da ƙyar, ta yi juyi sau biyu. Amma barci ne. Na zauna hannuwana a ƙarƙashin cinyoyina don kada su yi mini gaban kansu. Da ta fara minshari kaɗan sai na zaro na dama, na nemi wurin nan da ban taɓa taɓawa ba, na danna. Kwamfutar ta tambayi sunan da za a sa masa. Na daɗe ina kallon wurin rubuta sunan, sannan na buga da yatsa ɗaya: na Hajiya.

Shi muke kunnawa har yanzu bayan azahar. Wata rana ya yi aiki, wata rana gyaren ya fi ƙarfinsa, ta tashi ta zauna ta ja carbi. Ni kuma wani hantsin nakan mai da wayoyi goma sha ukun nan in ɗan murɗa, ko Allah Zai sa in faɗa kan na farko. Ba na daɗewa kamar da, wuya ba ya bari. Idan aka kira salla sai in adana inda na tsaya, in rufe kwamfutar, in nemi takalmina.