Ranar da Baba Gbadero Ya Zaunar da Mu Cikin Rafi

Kullum kafin kaji su gama saukowa, Baba Gbadero ya buɗe ƙofar cocin Baftis na garinmu Ajekunle. Zai jingine kekensa a gindin kaɗanya, ya kori awakin da suka kwana a baranda, ya ja igiyar ƙararrawa. Da ƙararrawar nan masu ƙosai ke ɗora kasko, da ita 'yan makaranta ke sanin sun makara. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, limamin masallacin kasuwa ne ya fara aikowa a tambaya ko lafiya gari ya waye shiru. Bayan ƙararrawa sai shara, sai goge benci, sai buɗe rijiyar coci wadda rabin gari ke sha. Shekara arba'in da uku ke nan. Lahadin nan zai miƙa makullai, gwiwoyi sun ce ya isa.

Sakataren coci ya so ya rubuta masa yabo da manyan kalmomi. Na ce ya bari, ni zan rubuta. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma babu abin da ya faru a garin nan da kunnena bai halarta ba.

Cocinmu fatake uku ne suka fara shi, waɗanda suka dawo daga Gwanja da goro da Littafi Mai Tsarki guda ɗaya. A gindin kaɗanyar nan suka soma sujada. Rufin ciyawa ya ƙone sau biyu, iyayenmu mata suka ɗebo dutse a ka aka yi ginin da kuke gani. Daga baya makaranta ta zo, sai rijiya, sai ɗakin haihuwa inda na haifi Adunni gado da gado da maƙwabciyata Iya Sikiru, wadda salla ba ta wuce ta. An yi fastoci goma sha ɗaya, sunansu na jere a allo bayan mumbari. Bakwai daga cikinsu Baba Gbadero ne ya nuna musu inda rufi ke yoyo, amma sunansa ba ya allon.

Babban aikinsa a ruwa yake. Mu 'yan Baftis ba ma yayyafi, sai an nutsar da mutum gaba ɗaya. Ko yatsa ya leƙo, ba a yi ba. Shi ke riga kowa zuwa rafin Osoro ya tsince duwatsu da fasassun kwalabe, ya tsaya gefen fasto yana kallo. Sai ya ce "Ya shiga" sannan mawaƙa su ɗauki waƙa. Na san wadda aka maimaita wa saboda tsinin ɗaurin kanta. Ba zan faɗi suna ba, tana dai zama a benci na biyu, hannun hagu.

To, ga abin da ya sa na karɓe alƙalamin.

Maigidana Ojediran, wanda kowa ke kira Baba Adunni, ɗan gidan masu dodo ne. Shekara arba'in yana rako ni coci, ya tsaya a gindin kaɗanya da goran bamminsa, yana gyara wa makaɗinmu kiɗa daga waje. Dokar cocinmu kuwa, makabartar bayan gini ta waɗanda aka yi wa baftisma ce. Da ya mutu a haka, danginsa za su ɗauke shi can ƙauyensu, ni kuma in kwanta ni kaɗai tsakanin dikinoni, dattawan cocinmu, babu wanda zan yi faɗa da shi. Abin yana ci mini rai, ina dai rufe shi da surutu.

Wata shekara, ana tsakiyar bazara, ciwo ya kayar da shi. Ya dawo daga asibiti ran Litinin, ya kira ni bakin gadonsa.

"Iya Adunni, gaya wa mutanenki su tsoma ni."

"Ku sake faɗi, kunnena ya tsufa."

"Kunnen da ke jin raɗa daga gida uku? Lahadin nan. In ta wuce, na fasa."

Na san shi. In ya ce ya fasa, ko giwa ba ta ja shi.

A cocinmu ko tsintsiya za a saya sai an ɗaga hannu. Ran Laraba aka zauna. Dikin Afolayan ya ce Osoro ko idon sawu bai rufe ba, a jira damina.

"Baba Dikin," na ce, "kun yi shawara da mutuwa ta ce za ta jira?"

"Iya Adunni, ba a ba ki magana ba."

"Ba a taɓa ba ni ba, ɗauka nake yi."

Sai Baba Gbadero, wanda ban taɓa jin muryarsa a taro ba, ya miƙe daga bencin ƙarshe ya ce a ba shi kwana uku. Hannu talatin da ɗaya suka tashi. Nawa biyu ne, an ƙirga ɗaya.

Kwana ukun nan a kwanar rafi ya yi su. Ya faɗaɗa wani gurbi, ya tare ƙasansa da buhunan yashi, ɗan ruwan da ke tsiyaya ya riƙa taruwa. Masu wanki sun ce ko abinci a tsaye yake ci. Ran Lahadi ruwa ya wuce gwiwa kaɗan, kuma gari duka ya fito. Wa zai rasa ganin an tsoma Baba Adunni? Har ƙaninsa Ojelabi ya zo da mutanen gidansu, sun harɗe hannu a bakin gaɓa.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne tumbi. Ciwo ya ci wuyan maigidana da ƙafafunsa, amma bai taɓa tumbin ba. Fasto Olaniyan, siriri kamar tsinke, ya yi addu'a ya kwantar da shi ta baya. Kai ya nutse, ƙafa ta nutse, tumbi ya tsaya a sama kamar ƙwarya a kife.

Kowa ya dubi Baba Gbadero. Na ƙifta masa ido. Na ƙifta har idon ya yi ruwa. Kalma biyu ce kawai, da ya faɗa babu mai musa masa.

"Bai shiga ba," in ji shi.

Kai ne fa, Gbadero, ka yi mini haka a gaban jama'a. A lokacin nan, da akwai taɓarya a hannuna, da yau ba ni ke rubuta wannan ba.

Maigida ya taso yana furzar da ruwa. "An gama?"

"Baba, saura ciki," Fasto ya ce a hankali.

"Cikin na dodanni ne, su suka ciyar da shi. Ku riƙe sauran."

Mutanen gidansu suka bushe da dariya. Ya share fuska ya ce, "Sau ɗaya zan ƙara. Ni ba wanki ba ne."

Baba Gbadero ya auna da yatsu, huɗu suka rage. Ya ɗaga kai ya hango Iya Sikiru da kwandon rogonta.

"Iya Sikiru, in kin zuba rogo a randar jiƙo, me ruwan ke yi?"

"Tasowa yake. Sai ka ce ba mace ta haife ka ba."

"To, jama'a, yau mu ne rogon. A shigo a zauna."

Ranar kuwa zumuntar mata ta sha sabon anko. Ni na fara shiga, na zauna daɓas. Mawaƙa suka biyo, 'yar benci na biyu ta shigo tana dafe da ɗaurinta. Dikin Afolayan ya tsaya neman inda zai ajiye takalmi, matarsa ta ja shi da su. Muka matsu kamar kifi a koma, Baba Gbadero ya sake aunawa.

"Saura yatsa ɗaya."

Iya Sikiru ta sauke kwando. Allah ya yi mata jiki, ba laifi. "Ku shaida ni ba addininku na shigo ba. Ƙawata na zo taya zama." Ta zauna, ruwa ya motsa. Sai ga Ojelabi yana naɗe wando yana gunaguni: "Ba za a ce ɗan gidanmu ya fara abu ya kasa ƙarasawa ba."

Fasto ya sake kwantar da shi. Na ga ruwa ya hau tumbin nan a hankali har ya rufe cibiya.

"Ya shiga," in ji Baba Gbadero.

A zaune cikin laka muka yi waƙar, rabinmu na kuka, rabi na neman takalmi.

Maigida ya ƙara shekara uku a duniya. Bai fasa taro ko ɗaya ba, kuma duk abin da na ɗaga wa hannu sai ya ɗaga wa kishiyarsa. Yanzu yana kwance bayan coci, da fili a gefensa. Babu wanda ya taɓa cewa baftismarsa rabi ce, don duk gari ya san idon da ya shaide ta ba ya karɓar ƙifce.

Gbadero na bakin rafi, mai gaskiya ko ta ɓata wa tsohuwa rai. Kai ne ka ƙi yi mini ƙarya, kai ne kuma ka ƙi barina da gaskiyar ni kaɗai. Na gode. Na yi shekaru ina zaginka a kan ankon nan da bai ƙara fita ba, yau na yafe. Allah ya sanyaya gwiwoyin, ya ba ka hutu mai daɗi.

Ku kuma masu tasowa, ba kowa ne zai hau mumbari ba. In ruwan maƙwabcinku ya gaza da yatsa ɗaya, kada ku tsaya a gaɓa kuna kallo. Ku shiga ku zauna, ko da sabon zane ne a jikinku.